Kowa Ya Bar Gida, Gida Ya Bar Shi? Hukuncin Da Ake Yi Wa 'Yan Wasan Besbol

Daga cikin ɗabi'un 'yan Adam waɗanda ba su san iyakar ƙasa ko bambancin harshe ba, akwai wannan ta zuba ido a kan wanda ya rabu da jama'arsa, ana jiran a ga abin da zai zama, domin in ya ci gaba a ce an yi asarar gwani, in kuwa ya ci baya a ce alhaki ne ya kama shi. Mu Hausawa mun dunƙule mas'alar cikin karin magana guda, muka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mutanen Amurka kuwa, waɗanda aka jarrabe su da son lissafi da adana shi, sun fi shekara ɗari suna rubuta kowane jifa da kowane bugu na wasansu na besbol a cikin daftari, har ya zama da wuya a sami wani fage a duniya inda za a ɗora irin wannan magana a kan mizani, a auna ta awo na gaskiya, kamar wannan fage nasu. Abin da nake nufin in tabbatar a nan shi ne, awon bai goyi bayan masu zargi ba, kuma ɗan wasan da ya bar ƙungiyarsa ya lalace, galibi ba butulci ne ya ci shi ba, wani tsari ne da aka gina da gangan ya riƙe ƙuruciyarsa, ya sake shi bayan ta fara juya baya.

Tun da wasan ba namu ba ne, wajibi ne in yi wa mai karatu ɗan sharhi kafin mu nutsa. Ƙungiyoyi biyu ne ke karawa, kowace da mutum tara. Majefi ya tsaya a tsakiyar fili ya wurgo ƙaramar ƙwallo mai tauri da gudun da yakan wuce kilomita 150 a sa'a, mabugi kuma yana tsaye da kulki yana neman ya make ta, ya ruga ya kewaya tashoshi huɗu ya komo inda ya fara, a rubuta wa ƙungiyarsa maki ɗaya. In ya make ta har ta tsallake katangar fili, wannan shi ne bugun ƙetare, kuma shi ne abin da ya fi tayar da 'yan kallo tsaye. Babbar gasar ƙasar tana da ƙungiyoyi 30, kowace tana yin wasa 162 a shekara, sa'an nan a watan Oktoba zakarun ɓangarori biyu su haɗu a karawar da suke kira World Series, wanda ya ci ya ɗauki kambu. Aikin mabugi yana da wuya ƙwarai, ta yadda wanda ya ci nasara sau 300 a cikin tsayuwa dubu, ijma'in masana ne cewa gwani ne. Wannan yawan wasanni da wannan tsananin lissafi su ne suka sa hujjar da ake cirowa daga besbol ta fi ta sauran wasanni ƙarfi.

Ƙissar da kowane Ba'amurke yake farawa da ita in aka zo wannan babi, ita ce ta Babe Ruth. A ƙarshen 1919 mai ƙungiyar Boston Red Sox, Harry Frazee, ya sayar da shi ga Yankees ta birnin Niyok a kan dala 100,000, tare da wani rance mai nauyi da aka jingina filin Boston, wato Fenway, a kansa. A shekararsa ta ƙarshe a Boston, Ruth ya yi bugun ƙetare 29, wanda ba a taɓa yin kamarsa ba a lokacin. Da ya isa Niyok sai ya yi 54 a 1920, adadin da ya fi na kowace ƙungiya sukutum a ɓangaren gasarsu in ban da tasa, ya yi 59 a 1921, ya kai 60 a 1927. Boston, wadda ta ɗauki kambu biyar daga 1903 zuwa 1918, ba ta sake ɗauka ba sai a 2004, bayan shekara 86, alhali Yankees, wadda ba ta taɓa ɗauka ba kafin zuwansa, ta tara 26 a cikin wannan tsakani. Mutanen Boston suka ce la'ana ce ta bi su saboda sayar da shi, aka rubuta littattafai a kan haka, har magana ta zauna a zukatan jama'a kamar an saukar da ita.

Musulmi ba ya bukatar a daɗe ana yi masa bayani cewa wannan camfi ne, domin kuwa Allah ya ɗora al'amura a kan sabubba, kuma sabubban wannan al'amari a fili suke ga wanda ya nema. Ruth yana da shekara 24 aka sayar da shi, wato yana bakin shiga ganiyar ƙarfinsa. A Boston asalin aikinsa jifa ne, bugu kuwa daga baya ya fara samun cikakken rabo a cikinsa, alhali a Niyok an sallama masa kulki kullum. Filin Fenway yana da nisa ta ɓangaren da yake bugawa, shi ya sa daga cikin 29 ɗin nan na 1919 tara kaɗai ya yi a gida, filin da Yankees take wasa kuwa katangarsa ta dama kusa take. A daidai wannan lokaci kuma aka hana majefa shafa wa ƙwallo miyau da sauran abubuwa, aka koma sauya ta da sabuwa in ta yi dauɗa, mabuga duka suka amfana. Game da Boston kuwa, Frazee bai tsaya kan Ruth ba, ya ci gaba da tura gwanayen majefansa Niyok ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan, abin da ya fi wannan muni, ƙungiyar ta gwada Jackie Robinson, baƙar fata, a 1945 ta ƙi ɗaukarsa, ta zama ta ƙarshe a cikin ƙungiyoyin gasar da ta yarda ta sa baƙar fata a fili, sai a 1959, shekara 12 bayan Robinson ya buɗe ƙofar a Brooklyn. Ƙungiyar da ta rufe ƙofarta ga gwanaye saboda launin fatarsu, ba ta da hujjar neman illar faɗuwarta a wurin wata la'ana. Zaluncinta ya ishe ta dalili.

To, a lura da wani abu a nan, domin a kansa sauran magana za ta ginu: Ruth bai bar Boston ba, sayar da shi aka yi. Tun daga 1879 akwai wani sharaɗi wanda ya ba ƙungiya ikon riƙe ɗan wasa ko da wa'adin aƙadinsa ya cika, ta sabunta masa a kan abin da ta ga dama, ko ta sayar da shi, ko ta musanya shi, shi kuwa ba shi da zaɓi illa ya bi ko ya bar sana'ar ɗungum. Haka aka yi ta tafiya shekara casa'in, har zuwa watan Oktoba na 1969, sa'ad da St. Louis Cardinals ta musanya Curt Flood, baƙar fata, gwanin tsaron fili wanda ya yi mata shekara 12, zuwa Philadelphia. Flood ya ƙi tafiya. Ya rubuta wa shugaban gasar, Bowie Kuhn, takarda a ranar 24 ga Disamba, yana nuna cewa shi mutum ne, ba haja ba da za a saya a sayar ba da yardarsa ba, ya kuma kai ƙara, yana sane da cewa albashinsa na dala 90,000 da sana'arsa duka za su iya salwanta. Suka kuwa salwanta. Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a 1972, alƙalai biyar a kan uku, ta ba masu ƙungiyoyi gaskiya. Flood bai sake yin wasa ba in ban da 13 da ya yi wa Washington a 1971. Amma ƙofar da ya girgiza ba ta koma ta zauna daidai ba, domin a watan Disamba na 1975 wani mai sulhu, Peter Seitz, ya 'yanta majefa biyu, Andy Messersmith da Dave McNally, kuma a 1976 ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa, a ƙarƙashin Marvin Miller, ta daidaita da masu ƙungiyoyi a kan cewa duk wanda ya cika shekara shida a babbar gasa yana da ikon ya tafi inda ya so. Masu bin ƙwallon ƙafa za su tuna cewa Turai ba ta sami makamancin wannan ba sai da hukuncin Bosman na 1995.

Wannan nasara ce babba, kuma ba na rage mata daraja. Sai dai a cikin shekara shidan nan ne cutar take kwance. Yaro ana ɗaukarsa yana da shekara 18 ko 21, ya yi wasu shekaru a ƙananan gasa yana koyo, ya hau babbar gasa galibi yana da 23 ko 24. Shekara ukun farko ƙungiya ce ke yanka masa albashi, kusa da mafi ƙarancin abin da doka ta yarda. Uku na biye mai sulhu ne ke raba gardama in sun saɓa. Sai bayan haka ya zama mai 'yancin kansa, a lokacin kuwa ya kai 30 ko ya kusa. Masana lissafin wasan, tun daga Bill James a shekarun 1980, sun nuna cewa ɗan besbol yakan kai ƙololuwarsa a wajen shekara 27, daga nan sai gangara, a hankali da farko, sa'an nan da sauri. Ma'anar wannan ita ce, a ranar da aka ba ɗan wasa izinin barin gida, mafi kyawun abin da yake da shi ya riga ya bayar da shi a gidan, a kan farashi mai rahusa, kuma ƙungiyar da ta karɓe shi tana kama da mai sayen gona da kuɗin amfanin da ta bayar a damunan da suka wuce, bai tambayi ko saura nawa ne a cikin ƙasar ba.

Babu wanda ya fi Albert Pujols bayyana wannan, kuma ina so in daɗe a kansa, domin shi ne aka fi zalunta da baki. An haife shi a Santo Domingo ta Jamhuriyar Dominika a 1980, ya fara wa St. Louis wasa a 2001 a kan dala 200,000, a shekarar kuma ya yi bugun ƙetare 37. A cikin shekara 11 da ya yi musu ya ci nasara sau 328 a kowace tsayuwa dubu, ya yi bugun ƙetare 445, aka zaɓe shi gwarzon shekara sau uku, ya kawo musu kambu a 2006 da 2011. Ana gama bikin kambun 2011, a watan Disamba, ya sa hannu da Angels ta Kalifoniya a kan dala miliyan 240 na shekara goma, mutanen St. Louis suka ji ciwo ƙwarai, wasu suka kira shi mai kwaɗayi. Abin da ya biyo baya kuwa ya yi kama da amsar addu'ar masu fushi: sai da aka shiga watan Mayu na 2012 kafin ya yi bugun ƙetare na farko, ciwon tafin ƙafa ya katse masa 2013, awonsa a Angels ya tsaya a 256 cikin dubu, ƙungiyar sau ɗaya tak ta kai wasannin Oktoba a zamaninsa, a 2014, aka fitar da ita ba ta ci ko ɗaya ba, daga ƙarshe a watan Mayu na 2021 aka sallame shi wa'adinsa bai cika ba.

Mai gaggawar hukunci zai ce ga alhaki nan ƙiri-ƙiri. Amma wanda ya koma ya duba daftarin zai ga cewa gangarar ba a Kalifoniya ta fara ba. Awon Pujols ya kasance 357 a 2008, ya sauka zuwa 327 a 2009, ya koma 312 a 2010, ya koma 299 a 2011, duka kuwa yana sanye da rigar St. Louis, yana kwana a gidansa, 'yan kallonsa suna yi masa tafi. Da ya yi 285 a shekararsa ta farko a Angels, matakala ta gaba ce kawai ya taka a kan tsanin da ya riga ya fara sauka. Yana gab da cika shekara 32 aka ba shi aƙadin da zai kai shi 41. In akwai wanda ya yi kuskure a wannan ciniki, to, mai saye ne, wanda ya ga lissafin nan kamar yadda kowa ya gan shi, ya rufe ido saboda son suna da cika fili. Shi kuwa Pujols bai ɓoye shekarun da ke cikin takardunsa ba, bai ƙi aiki ba, ya yi ta fita fili da ƙafa mai ciwo, ya ƙara bugun ƙetare 222 a kan nasa. Ban ga ta inda shari'a ko al'ada za ta kama wanda aka yi wa tayin ijara a fili, ya karɓa a fili, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, da laifin cewa tsufa ya riske shi.

Na san abin da za a kawo mini, cewa ai da ya koma St. Louis a 2022, yana da shekara 42, sai ya farfaɗo, ya yi bugun ƙetare 24, ya cika 700 a watan Satumba, ya ajiye kulki yana da 703. Wannan gaskiya ne, kuma ba na musun cewa natsuwar zuciya da ƙaunar jama'a suna da tasiri a jikin ɗan Adam, wanda ya musa wannan bai san mutane ba. Illa iyaka, a shekarar ce ɓangaren gasar da St. Louis take ciki ya karɓi dokar da ta yarda mutum ya yi bugu kaɗai ba tare da tsaron fili ba, ƙafafunsa suka huta. Aka kuma riƙa zaɓar masa ranaku, an fi fito da shi gaban majefa bahagwai, waɗanda har a 'yan watannin da ya yi a Dodgers a 2021 an ga yana iyawa da su. Hikimar masu amfani da shi ce ta haɗu da farin cikinsa. In kuwa komawa gida magani ne da kansa, me za a ce da Ken Griffey ƙarami, wanda ya yi bugun ƙetare 398 a Seattle, ya roƙa a mai da shi Cincinnati, garin da ya tashi kuma inda mahaifinsa ya yi suna, aka mai da shi a 2000 yana da shekara 30, ya yi shekara guda mai kyau, sa'an nan raunuka suka yi masa rubdugu har daga 2002 zuwa 2004 bai taɓa kaiwa wasa 90 a shekara ba? Gida ya karɓe shi hannu biyu, jijiyoyin ƙafarsa ba su san da haka ba.

Juya lissafin ta ɗaya fuskar, sai ka tarar waɗanda suka bar ƙungiya suka bunƙasa, jamhurunsu matasa ne da aka yi gajen haƙuri da su. Chicago Cubs ta ba da Lou Brock a 1964 yana gab da cika 25, ya taimaki St. Louis ta ɗauki kambu a shekarar. Mets ta ba da Nolan Ryan a 1971 yana da 24, bayan shekara biyu ya kayar da mabuga 383 a kaka ɗaya. Minnesota ta sallami David Ortiz a ƙarshen 2002 yana da 27, don gudun ƙarin albashi, Boston ta ɗauke shi a kan abu kaɗan, ya tashi daga bugun ƙetare 20 zuwa 31, zuwa 41, zuwa 47, zuwa 54, kuma yana daga cikin jagororin da suka kawo mata kambun 2004 da ta shekara 86 tana jira. Boston ɗin nan, wadda ta sha daɗin kuskuren wasu, ita ce kuma a 2020 ta ba da Mookie Betts yana da 27 don ta rage kashe kuɗi, ya ɗauki kambu da Dodgers a shekarar, ya sake ɗauka a 2024. Galibin waɗannan ba da zaɓinsu suka tafi ba.

Bayan shekaru akwai fili, abin da mai kallon ƙwallon ƙafa ba zai yi saurin fahimta ba, domin a besbol filaye ba awo ɗaya suke ba, kowane da nisan katangarsa da tsayinta da yanayin iskarsa, har filin Denver, wanda yake kimanin mita 1,600 sama da teku, ƙwallo takan yi nisa a cikinsa fiye da ko'ina saboda rashin kaurin iska. Adrián Beltré ya yi bugun ƙetare 48 a Dodgers a 2004, Seattle ta ɗauke shi a kan dala miliyan 64 na shekara biyar, sai ya yi 19 a shekarar farko, bai kuma taɓa wuce 26 ba har ya gama, aka yi ta cewa ya ci kuɗi ya kwanta. Alhali abu biyu ne suka haɗu. Na farko, kafin 2004 bai taɓa wuce 23 ba, saboda haka shekarar 48 ɗin nan baƙuwa ce, wanda ya gina farashi a kanta ya gina a kan nadiri, kuma kowane awo da ya yi tsalle irin wannan, al'adarsa ce ya komo kusa da matsakaicinsa. Na biyu, filin Seattle a lokacin maƙabartar bugun na-dama ne, iskarsa mai sanyi da nauyi, katangarsa ta hagu da nisa, har masu shi da kansu suka matso da ita a 2013. Da Beltré ya koma Boston a 2010 awonsa ya hau 321, ya wuce Texas ya yi shekara takwas masu albarka, aka shigar da shi zauren girmamawa na wasan a 2024. Mutumin bai sauya hali tsakanin 2009 da 2010 ba, katanga ce ta sauya.

Akwai kuma malami. Jake Arrieta ya yi shekaru a Baltimore ana cin sa maki 5.46 a matsakaicin wasa, wanda awo ne na majefin da ake shirin sallama, masu horarwa suna ta gyara masa tsayuwa da jifa zuwa abin da ba ɗabi'arsa ba. Aka musanya shi zuwa Cubs a 2013 yana da 27, mai horar da majefa a can, Chris Bosio, ya bar shi ya koma jifansa na asali, a 2015 ya ci wasa 22, awonsa ya sauka zuwa 1.77, aka ba shi lambar majefin shekara. Shi ɗin dai, da ya sami 'yanci ya tafi Philadelphia a 2018 yana da 32 a kan dala miliyan 75, awonsa ya yi ta hawa shekara bayan shekara har ya wuce biyar. Mutum ɗaya, ƙaura biyu, sakamako biyu masu kishiyantar juna. Wanda ya ce barin gida ne illa, sai ya gaya mana wanne daga cikin biyun yake nufi.

Ba na da'awar cewa ƙa'idar ba ta da togaciya. Cincinnati ta ba da Frank Robinson a ƙarshen 1965 bisa zaton cewa a shekara 30 ya riga ya tsufa, sai ya je Baltimore ya yi bugun ƙetare 49 a 1966, ya zama gwarzon shekara, ya kawo mata kambunta na farko. Randy Johnson ya isa Arizona yana da 35, ya ɗauki lambar majefin shekara sau huɗu a jere daga 1999 zuwa 2002. Max Scherzer ya biya Washington dala miliyan 210 ɗinta da lambobi biyu da kambun 2019. Shohei Ohtani, mutumin Japan, ya bar Angels a ƙarshen 2023 a kan dala miliyan 700, a shekarar farko a Dodgers ya yi bugun ƙetare 54 da satar tasha 59, abin da ba a taɓa haɗawa ba. Waɗannan baiwa ce da Allah yake ba wanda ya so, kuma su ne ke sa masu kuɗi su ci gaba da zubawa, kowa yana fatan nasa ne zai zama Johnson. Amma malaman usulu sun koya mana cewa hukunci galibi yake bi, ba a gina shi a kan nadiri, galibin kuwa shi ne Carl Crawford a Boston, da Josh Hamilton da Anthony Rendon a Angels, mutanen da aka saya da tsada a bakin shekara talatin ko bayanta, jikinsu ya kasa cika alkawarin da takarda ta ɗauka a madadinsa.

Abin da ya fi ci mini rai a cikin wannan duka shi ne, masu ƙungiyoyi sun san wannan lissafi sarai, sun kuma koyi yin hila da shi. Dokar ta ce kwana 172 a babbar gasa shi ne shekara guda. A 2015 Kris Bryant ya fi kowa bugun ƙetare a wasannin share fage, kowa ya ga ya isa, amma Cubs ta tura shi ƙaramar gasa, ba ta kira shi ba sai ranar 17 ga Afrilu, ta yadda ya gama shekarar da kwana 171, saura kwana ɗaya tak, wannan kwana ɗaya kuwa ya ba ƙungiyar shekara ta bakwai a kansa. Ya zama gwarzon sababbi a shekarar, ya zama gwarzon shekara a 2016, ya taimaka aka kawo wa Cubs kambun da ta yi shekara 108 ba ta gani ba. Ya kai kuka, mai sulhu ya kore shi a 2020. Da lokacinsa ya kusa cika, ƙungiyar ta musanya shi a 2021. Ya sa hannu da Colorado a 2022 yana da 30 a kan dala miliyan 182, ciwon baya ya kama shi, a shekara uku na farko wasa 159 kaɗai ya yi daga cikin 486. Yau sunansa yana cikin jerin waɗanda ake kira asarar kuɗi, ba kasafai kuma ake tuna kwana ɗayan nan ba, ko a tambayi wa ya ci shekarunsa na lafiya, da nawa ya saye su.

Wani zai ce, ina ruwanmu da kukan masu miliyoyin daloli, alhali talaka yana neman na tuwo? Amsata ita ce, adalci ba ya duba aljihun wanda aka zalunta, kuma waɗanda na ambata su ne 'yan ƙalilan da suka kai ga gaci. Mafi yawan waɗanda suka taɓa taka babbar gasa ba sa cika shekara shidan, rauni ko sallama yakan riske su a hanya, su fita ba su taɓa sanin ranar da za su yi wa kansu farashi ba. Wani kuma zai ce ƙananan ƙungiyoyi irin su Tampa da Pittsburgh, in ba a bar su sun riƙe matasan da suka rena ba, manya za su kwashe kowa. Wannan uzuri yana da ƙamshin gaskiya, sai dai maganinsa yana wurin masu ƙungiyoyin, su gyara rabon kuɗin shiga a tsakaninsu, tun da dama suna da tsarin yin haka. Ba daidai ba ne attajiri ya ɗauki nauyin ɗan'uwansa attajiri ya ɗora a wuyan ma'aikaci.

A farkon 2022, bayan masu ƙungiyoyi sun rufe wasan kwana 99, an daidaita a kan ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa dala 700,000, aka ware dala miliyan 50 a shekara don rabawa matasan da suka yi fice, aka kuma ce sabon ɗan wasan da ya zo na ɗaya ko na biyu a zaɓen gwarzon sababbi za a lissafa masa cikakkiyar shekara ko da an jinkirta kiransa. Gyara ne, amma shekara shidan tana nan yadda aka ajiye ta tun 1976, kuma wa'adin wannan yarjejeniya 1 ga Disamba 2026 ne. Ra'ayina shi ne a rage ta zuwa huɗu, ko a yanka shekarun haihuwa waɗanda duk wanda ya kai su ya zama mai ikon kansa, domin a biya mutum ladan aikinsa a lokacin da yake yin aikin. Kai kuma mai karatu, ko besbol kake bi ko ƙwallon ƙafa, in ka ji an ce wane ya bar ƙungiyarsa ya lalace, ina roƙonka kafin ka sa baki ka tambayi shekarunsa, ka tambayi filin da aka kai shi da wanda yake horar da shi, ka kuma tambayi ko shi ya tafi ko kuwa tura shi aka yi.